Wa Ke Ƙirga Waɗanda Rami Ya Cinye?



Ɗan'uwa mai karatu, idan daga ƙauyukan arewacin Kano ka fito, daga ƙasar Bichi ko Kunci ko Tsanyawa ko Makoɗa ko Ɗambatta, ba sai an gaya maka abin da ke faruwa da zarar an kai dawa rumbu an gama roron gyaɗa ba. Majalisar samari sai ta watse, sahun masallaci ya ragu, kowa ya ɗauki 'yar jakarsa ya nufi tasha. Cin rani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun yi shi, sun je birni sun je Kurmi, sun yi dako, sun yi ga-ruwa, sun yi gadi, ruwan farko na sauka suka dawo da kuɗin haraji da turmin atamfa. Abin da ya sauya shi ne inda ake zuwa. Yau da yawa daga cikin samarinmu rami suke nufa, ramin zinare a Zamfara da Neja da ƙasar Nijar, ramin kuza da dalma a Filato. Wasu su dawo da babur, gari ya ɗauka. Wasu su dawo da tarin da ba ya jin magani. Wasu kuwa jakarsu da wayarsu kawai ake kawowa gida, a shimfiɗa tabarmar zaman makoki ba tare da an ga gawa ba.

Kada wani mai ƙoshi ya ce lalaci ne ko son kuɗin banza ya kai su. Ƙasar nan tamu ta kewayen Kano, tun kaka da kakanni ake noma ta kowace shekara ba hutu, da takin gida da tokar birni da ake ɗaukowa a mangalar jaki ake riƙe da ita. Gonar da ta ciyar da kaka ita aka raba wa 'ya'ya, ita ce kuma aka sake rabawa jikoki, har ta kai wani rabonsa bai fi wurin shanyar barkono ba. Babu dajin da za a sara a ƙara, ko'ina gonar wani ce. Ga buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, balle tun da aka janye tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Saurayi yana son aure, yana son ya rufe wa mahaifiyarsa ɗaki kafin damina. Ina zai nufa?

A ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021, a Garin Liman da ke ƙasar Ɗan Isa a jihar Maraɗi, nan bayan Jibiya kaɗan, ramukan zinare suka rufta da bayin Allah. Watanni kaɗan kafin nan aka gano zinaren, dubban mutane suka yi ca a wurin daga ɓangarori biyu na iyaka, don Bakatsine ko Bakano bai ɗauki Ɗan Isa wata ƙasa ba. Gawa 18 aka fara zaƙulowa, daga baya adadin ya ƙaru. Mahukuntan Nijar suka ce an rufe wurin. To kafin ranar ina suke? Dubban mutane ba sa taruwa a ɓoye. Masu abinci sun sani, masu mota sun sani, masu karɓar na goro a hanya sun sani. Rami ne kaɗai ba a samu mai leƙa shi ba.

A ranar 3 ga Yuni 2024 kuma, a Galadiman Kogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wani ƙaton rami ya rufta da leburori. Wannan karon ba za a ce 'yan sari-ka-noƙe ba ne, wuri ne da kamfani ke aiki a cikinsa. Aka kwashe kwanaki ana tono, 'yan'uwan mamata na tsaye a baki suna kallon ƙasa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ko adadin waɗanda ke ciki ba a daidaita a kai ba: 'yan sanda suka ce 20, hukumar agajin gaggawa ta jihar ta ce sun kai 30. Ka ji fa! Makiyayi ya san yawan shanunsa ko da tsakar dare ka tashe shi. Mai kanti ya san yawan kwalin sabulunsa. Amma a tura 'ya'yan mutane ƙarƙashin ƙasa babu ko littafin da aka rubuta sunan wanda ya shiga da wanda ya fito. Wanda ba a rubuta shigarsa ba, wa zai biya diyyarsa?

Bari mu yi bayanin yadda rami ke kisa, don masu cewa abu ne daga Allah da ba a san kansa ba. Ana haƙa rijiya ne a miƙe, gaba goma, gaba ashirin, har a tarar da jijiyar dutsen da ake nema, sannan a karya a bi ta a kwance, irin abin da mutanen Jos ke kira loto. Ƙa'idar aikin ita ce a tokare rufin da itace, a kuma riƙa barin ginshiƙan ƙasa ba a taɓa su ba don su ɗauki nauyin sama. Itace kuɗi ne, mai rami ba ya son kashewa. Ginshiƙan kuwa akwai arziki a cikinsu, saboda haka ranar da samu ya yi ƙasa sai a ce a ɗan sassaƙe su. Rami na kusa da rami, wannan ya ratsa ƙarƙashin wancan, ƙasar duk ta zama kamar gidan tururuwa. Ruwan sama ya jiƙa ta, ko a fasa nakiya a maƙwabta, shi ke nan. Wani wurin ma ba rufta ba ce. Injin zuƙe ruwa ko janareto ake sa wa a bakin rami ko a cikinsa, hayaƙinsa ya taru a ƙasa inda iska ba ta zagayawa, mutum ya ji jiri da ciwon kai, ya zauna ya ɗan huta, ba zai sake tashi ba. Ga kuma ƙurar dutse da ke cin huhu a hankali, wadda sai bayan shekaru take kwantar da mutum a ɗakin mahaifiyarsa, a ce sammu ne.

Sai maganar tsawon aiki, wadda ita ce uwar matsalar amma ba a cika faɗinta ba. A mafi yawan ramukan nan babu albashi, kaso ne. Mai rami ya ba ka abinci da diga da shebur da tocila bashi, in an samu a cire nasa a raba saura, in ba a samu ba bashi ya hau kanka. Wanda aka ɗaure da irin wannan igiya ba ya buƙatar bulala. Shi da kansa zai shiga da asuba ya fito da dare, wani ya kwana a ciki, mako ya zagayo babu ranar hutu. Jiki ya gaza sai a tallafe shi da ƙwaya, shi ya sa mai sayar da tiramol ba ya rasa rumfa a bakin rami. Alhali kafin rami ya rufta yakan yi gargaɗi: ƙasa ta fara zuba kaɗan-kaɗan, itace ya yi ƙara, tsaga ta buɗe a bango. Mutumin da ya yi barci ya ƙoshi zai lura ya gudu. Wanda ya yi awa goma sha huɗu a tsugune, kansa cike da ƙwaya, idonsa na kan bashin da ake bin sa, ko ya gani zai ce bari in ƙara kwanon sarki ɗaya.

Da zarar abin ya faru kuma sai ka ji an rufe baki da kalma ɗaya: ƙaddara. Mai rami ya ce kwanansu ne ya ƙare, jami'in gwamnati ya ce kwanansu ne ya ƙare, har uban yaron ma a sa shi ya ce ya yafe. Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma tun muna makarantar allo aka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, malaman fiƙihu kuma sun yi bayani ƙarara cewa wanda ya haƙa rijiya inda bai kamata ba, wani ya faɗa ya mutu, akwai lamuni a kansa. Me ya sa mai ramin ba ya barin buhun zinarensa a buɗe a tasha ya ce in an ƙaddara zai tsira? Dukiyarsa yana sa mata kwaɗo da mai gadi, ran ɗan talaka ne kawai ake bar wa ƙaddara. Wannan ba imani ba ne, fakewa da guzuma ne a harbi karsana.

Wannan zalunci yana da asali, kuma ya kamata matasa su san shi. A 1909 Turawan mulkin mallaka suka gano kwal a ƙasar Udi, kafin shekara goma sun fara haƙarsa, garin Inugu ya kafu a kansa. Kwal ɗin nan shi ke tuƙa jiragen ƙasan da ke kwashe dalar gyaɗar Kano zuwa bakin teku, wato gumin kakanka manomi da gumin mahaƙin Inugu a tukunya ɗaya Bature ya dafa su. A ranar 18 ga Nuwamba 1949, mahaƙan kwal na Iva Valley suna zaman dirshan a bakin aikinsu kan haƙƙoƙinsu da suke bi, wani babban jami'in 'yan sanda Bature mai suna Philip ya ba da umarnin buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Babu mai bindiga a cikinsu. Aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, ya yi zama ya rubuta rahoto, ba a ɗaure kowa ba.

Mu ma a Arewa mun ɗanɗana namu. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, kuzar da suke samu daga can ta yanke, sai suka juyo kan Jos. Aka ɗora wa lardunan Arewa irin su Zariya da Katsina da Sakkwato da Bauci adadin ƙartin da za su kawo, aka bi ta hannun hakimai da dagatai aka riƙa ɗibar talakawa daga gonakinsu ana kai su haƙar kuza dole. Tsofaffi suna kiran abin ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 kusan mutum dubu 100 aka ɗiba. Sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe na kashewa, masu ƙarfin hali suka gudu cikin dare. Yaƙin ba nasu ba, kuzar ba tasu ba. Bambancin jiya da yau kaɗan ne: jiya dogari ke zuwa ya fitar da kai daga gida, yau yunwa ce dogarin.

Su kansu Turawan ba tausayi ne ya gyara ramukansu ba. A Ingila mata da ƙananan yara ke jan kwal a ƙarƙashin ƙasa, sai da yara 26 suka nutse a ramin Huskar a 1838, hankalin jama'a ya tashi, sannan a 1842 aka hana sa mata da yaran da ba su kai shekara goma ba. A 1850 aka fara naɗa sufetocin ramin kwal, su huɗu rak ga ƙasa baki ɗaya. Dokar awa takwas a ƙarƙashin ƙasa kuwa sai 1908 ta samu, bayan mahaƙa sun shafe shekaru suna haɗa kai suna yajin aiki. Ko bayan nan, a 1913 ramin Senghenydd ya yi bindiga ya kashe mutum 439, kotu ta tabbatar an karya ƙa'ida, ta ci manajan tarar fam 24, kamfanin fam 10. Raba wannan kuɗi da yawan gawarwakin ka ga farashin ran lebura. A Turkiyya ma, ramin kwal na Soma da ya kashe mutum 301 a watan Mayun 2014, ma'aikatar ƙwadago ta ce jami'anta sun duba shi a watan Maris na shekarar ba su ga aibu ba. Ashe ba zuwan sufeto kaɗai ake nema ba. Sufeton da zai tsaya a ofishin manaja ya sha lemo ya sa hannu, gara ma bai zo ba, don takardarsa ce za ta wanke mai laifi gobe.

To mu nan me doka ta ce? Tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko da a tsakiyar gonar gadonka ne. Gwamnan jiha ba shi da ikon ba da lasisi, balle hakimi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta kafa sashen sufetoci a ma'aikatar ma'adinai, ta ɗora masa duba lafiyar wuraren haƙa da binciken haɗari. Nijeriya ta rattaba hannu tun 1960 a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan duba wuraren aiki. Dokar ƙwadago ta 1974 ta hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa, ta ce wanda ya yi awa shida yana aiki a ba shi hutun awa guda, a kowane kwana bakwai a ba shi yini ɗaya cur. Dokar 2010 ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. A takarda kam ba a bar komai ba.

Amma a duba sashe na 13 na dokar ƙwadagon nan. Bai yanke adadin awannin aiki ba. Cewa ya yi abin da aka yi yarjejeniya a kai tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko abin da ƙungiya ta sasanta, ko abin da hukumar albashi ta tsayar. Tun 1919 duniya ta amince da awa takwas a yini, 48 a mako, mu kuwa aka bar wa yarjejeniya. Wace yarjejeniya ce tsakanin kura da akuya? Yaron da ya sauka daga mota da bashin kuɗin mota a kansa, ba ƙungiya, ba takarda, shi ne zai zauna ya yi ciniki da mai rami kan awa nawa zai yi? Da yake kuma kaso ake ba shi, ranar da ya mutu sai a ce ai ba ma'aikaci ba ne, abokin tarayya ne, saboda haka babu diyya.

Ka tambayi duk wanda ya taɓa zaman rami ko ya taɓa ganin wani jami'i ya ɗaura igiya ya sauka ya duba tokara, ko ya auna iska, ko ya tambayi yaro shekarunsa. Zai gaya maka masu kaki suna zuwa, amma ba ƙasa suke kallo ba, aljihu suke kallo. A watan Maris na 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai sama da 2,000 daga cikin jami'an sibil difens, a watan Yuli kuma aka ƙara kuɗin lasisi. Dakarun nan aikinsu kare dukiyar gwamnati da ta masu lasisi ne daga waɗanda ake kira ɓarayin ma'adinai. Muna tambaya: ina dakarun da za su kare mahaƙi daga rami? An samu kuɗin bindiga da mota da kaki, na'urar auna iska ce ta gagara saye?

Zamfara ta isa misali. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a 'Yar Galma da Dareta da Abare, saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinaren da ake daka wa a tsakar gida. Aƙalla yara 400 suka rasu. Ba sufeton gwamnati ne ya gano ba, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura da sababbin kaburburan yara. Garin Bagega sai 2013 aka saki kuɗin share shi, bayan an yi ta kururuwa. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. A 2019 gwamnatin tarayya ta ce ta haramta haƙa a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka ɗage haramcin a ƙarshen 2024. A tsawon shekarun nan biyar an daina haƙa? Kowa ya san amsa. Abin da haramcin ya yi shi ne ya mayar da lebura mai laifi, ta yadda ko rami ya danne ɗan'uwansa ba zai iya kai ƙara ba, sai dai a binne a yi shiru.

Nan ne masu kare mahukunta ke cewa, ai haƙar ta haramtacciya ce, ta yaya za a duba abin da doka ba ta san da shi ba? Mu kuma muna cewa zinaren ba ya tsayawa a hannun yaron Kunci. Daga hannunsa sai ɗan kamasho, sai dila a birni, sai jirgin sama zuwa Dubai. A kowace gaɓa akwai mai sanin doka, mai fasfo, mai abokai a ofis. Dutsen yana halatta da zarar ya bar bakin rami, wanda ya haƙo shi ne kaɗai ke zama haramtacce har abada. Idan gwamnati ta ce duk arzikin ƙarƙashin ƙasa nata ne, to gawar da ke ƙarƙashin ƙasar ma tata ce. Ba a cin gado a ƙi biyan bashin mamaci.

Ba mu ce kowa ya zauna a gida ba, don mun san abin da ke cikin rumbu ba zai kai Sha'aban ba a gidaje da yawa. Amma ɗan'uwa, in tafiyar ta zama dole, kada ka tafi kamar wanda aka ɗiba. Ku tafi a ƙungiya, 'yan gari ɗaya, ku naɗa babba a cikinku. Ku sayi littafi na naira kaɗan ku rubuta sunan kowa da garinsu da lambar wani nasa, duk wanda zai sauka a rubuta, ya fito a soke. Ku yanke wa kanku awannin da ba za ku wuce ba, ku tsayar da ranar Juma'a hutu, ku tsaya a kai gaba ɗaya, don mai rami yana iya korar mutum ɗaya amma ba ya iya korar talatin ranar da jijiya ta fito. Ramin da ba tokara kada ku shiga. Ramin da injin ke hayaƙi a cikinsa kada ku shiga. Bayan ruwan sama ku ba ƙasa lokaci. Ƙanenka ɗan shekara goma sha uku da ake cewa jikinsa ya fi shiga lungu, mayar da shi gida ko da kuɗin motarka ne. Kayan aikinka kuma kada ka kai su ɗakin da yara ke kwana. Kafin a fara aiki a yi magana a gaban shaidu kan abin da mai rami zai biya in wani ya karye ko ya mutu, a rubuta, ko da ajami ne. Dokar 2007 ta yarda ƙananan mahaƙa su yi rajistar ƙungiyar haɗin kai, masu karatun boko a cikinku su bi wannan hanya su gani.

Dagatai da masu unguwanni da limaman ƙauyukanmu kuma, ku ne kuka san gidan da aka yi zaman makoki babu gawa. Ku fara rubutawa: sunan yaro, shekarunsa, ramin da ya ci shi, sunan mai ramin, abin da aka ba iyayensa in an ba su. Daga Bichi zuwa Ɗambatta, a tara na shekara biyar kawai a kai wa ɗan majalisar tarayya na kowace mazaɓa, a ce ya karanta a zauren majalisa a Abuja, ya tambayi ministan ma'adinai sufetoci nawa gare shi, ramuka nawa suka sauka a bara, mai rami nawa aka gurfanar gaban alƙali saboda ran lebura. In ya ƙi karantawa, ku ajiye kwafin takardar. Zai dawo neman ƙuri'a.